Ciwon Makyarkyata na Parkinson: Gado Ne, Ko Guba, Ko Tsufa?

An shirya wannan 'yar takarda domin Hakimai da Dagatai da malaman ofisoshinsu, saboda su ne talakawa kan fara kai wa kuka, kuma a zaurukansu ake yanke maganar da kan tsare mutuncin mutum ko ta zubar da shi. Akwai wani ciwo da kan kama dattawa, hannu ya riƙa makyarkyata, tafiya ta yi nauyi, fuska ta daskare kamar ta mai fushi. A garuruwa da dama in an ga haka sai a ce sammu ne, ko iska ce ta taɓa shi, ko kuwa a ce tsohon ya soma shaye-shaye a ɓoye. In tsohuwa ce ma har akan yi mata ƙazafin maita. Duk ba haka ba ne. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma likitoci sun gano da yawa daga abubuwan da ke jawo shi.

Asalin sunan da alamun ciwon

A shekarar 1817 wani likita na birnin Landan, James Parkinson, ya buga ɗan littafi inda ya kwatanta mutum 6 masu wannan hali. Uku daga cikinsu ma a kan titi ya gan su, ba zuwa suka yi wurinsa neman magani ba. Bayan shekara 50 da wani abu, babban likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya sa wa ciwon sunan Parkinson, sunan kuwa ya bi shi har yau.

Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri mai duhu inda waɗansu ƙwayoyi ke haɗa wani sinadari da ake kira dofamin. Aikinsa kamar na ɗan aike ne tsakanin Hakimi da Dagatansa: an ba da umurni, Dagatai suna nan lafiya, amma in 'yan aike suka ƙaranta sai saƙo ya riƙa isa a makare. Haka ke faruwa tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Ƙwayoyin nan suna mutuwa a hankali, shekara da shekaru, kuma kafin makyarkyata ta bayyana wajen rabinsu ko fiye sun riga sun tafi.

Makyarkyatar takan fara a gefe ɗaya, sa'ad da hannu yake ajiye a kan cinya, babban yatsa da manuni suna murzawa kamar mai jan carbi. In mutum ya miƙa hannu zai ɗauki abu sai ta lafa. Taku ya gajarce, hannu ɗaya ya daina lilo wajen tafiya, murya ta yi ƙasa. Malaman ofis su lura da wannan musamman: rubutun mai ciwon kan ƙanƙance, ya fara layi da manyan haruffa ya ƙare da 'yan mitsi-mitsi. Tun shekaru kafin wannan akan sami raguwar jin ƙanshi, da taurin bayan gida, da ihu ko kai duka cikin mafarki. Hankali kuwa yakan daɗe lafiya lau, ko da yake mantuwa kan zo wa waɗansu a ƙarshe. Saboda haka rawar hannu da sanyin murya ba hujja ba ce ta ƙin karɓar shaidar dattijo a gaban shari'a, ko ta raba shi da gonarsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 masu wannan ciwo sun haura miliyan 8 da rabi, kuma yawansu ya ninka cikin shekara 25 kafin nan. Shekaru su ne babban dalili. Cikin waɗanda suka haura 60, wajen mutum 1 cikin 100 yake da shi, kuma a duk mace 2 da suka kamu akan sami namiji 3. Amma tsufa shi kaɗai bai isa ba, tun da sauran 99 ɗin su ma sun tsufa.

Maganar gado

Hausawa kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma da zarar an ga ciwo a gida tambayar farko ita ce ko zai bi 'ya'ya. Amsar ita ce, ga yawancin gidaje, a'a. Cikin masu ciwon 100, wajen 10 zuwa 15 ne suke da wani ɗan'uwa na kusa mai irinsa. Saura su kaɗai ne a danginsu.

A 1999 likita Caroline Tanner da abokan aikinta suka buga binciken da suka yi a kan tagwaye maza kusan 20,000, tsofaffin sojojin Amurka na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Dabarar mai sauƙi ce. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya gadonsu ɗaya ne sak. In da ciwon gado ne zalla, duk sa'ad da Hassan ya kamu lalle Husaini ya kamu. Ba haka aka samu ba. Ga waɗanda ciwon ya kama bayan shekara 50, tagwaye masu kama ɗaya ba su fi sauran tagwaye yin tarayya cikinsa ba. Amma ga waɗanda ya kama tun kafin 50, hannun gado ya fito fili. Watau in ciwon ya zo da wuri a tuhumi gado, in ya zo da tsufa a duba abin da mutum ya yi ta cuɗanya da shi a rayuwarsa.

Duk da haka akwai gidajen da gadon yake da ƙarfi ainun. A wani gari mai suna Contursi a kudancin Italiya an sami zuriya ɗaya wadda mutum fiye da 60 suka kamu cikinta, kaka da uba da jika. A jininsu aka fara gano, a 1997, wata ƙwayar gado mai aibi wadda ita kaɗai ta isa ta kawo ciwon. A 1998 masana a Japan suka gano wata dabam, wadda ba ta yin illa sai in yaro ya gaje ta daga uwa da uba duka biyu, kuma tana kama mutum tun yana saurayi. Irin wannan ta fi bayyana inda ake yawan auren zumunci, domin 'yan'uwa sun fi yin tarayya cikin ƙwaya ɗaya. Wannan ba suka ba ce ga auren zumunci. Sai dai in an ga wa da ƙane sun soma makyarkyata tun ba su kai 40 ba, iyayensu kuwa 'yan'uwa ne, ya kamata a faɗa wa likita haka tun a zuwan farko.

Kowace al'umma da irin gadonta. Wata ƙwaya da aka gano a 2004, mai suna LRRK2, akwai wani aibinta da ake samu ga wajen mai ciwo 1 cikin 3 a Tunisiya da Aljeriya da Maroko. Amma binciken da aka yi a Nijeriya a 2008 da kuma 2018 bai same shi ga ko mutum ɗaya cikin waɗanda aka gwada ba. Sai a 2023 ne ƙungiyar likitocin Nijeriya ƙarƙashin Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas, tare da masana na Ingila da Amurka, suka gwada masu ciwon kusan 1,500 'yan asalin Afirka, da yawansu 'yan Nijeriya, suka gano wani canji a ƙwayar da ake kira GBA1 wanda kusan ba a ganinsa ga Turawa. Wanda ya gaje shi daga ɗayan iyayensa, hatsarin kamuwarsa ya kai wajen ninki 1 da rabi na sauran mutane. Wanda ya gaje shi daga duka biyu, wajen ninki 3 da rabi. Amma fa mutane masu ɗimbin yawa suna ɗauke da shi har su tsufa su rasu ba su taɓa yin makyarkyata ba.

Nan ne ya kamata Hakimai su riƙe magana da kyau. Ɗan mai ciwon hatsarinsa ya kai wajen ninki 2 na waninsa, amma ninki 2 na abu ƙanƙane ƙanƙane ne. Babu dalilin fasa aure, ko ƙin ba wani gida 'ya, don kakansu yana rawar hannu.

Maganar guba

An daɗe ana zaton akwai abin da ke shiga jiki daga waje ya kashe ƙwayoyin dofamin, amma shaida ba ta samu ba sai a 1982, ta wata hanya mai ban tausayi. A jihar Kalifoniya ta Amurka aka kawo waɗansu matasa asibiti sun sandare, ba sa motsi, ba sa magana, alhali idonsu biyu. Likita William Langston ya lura cewa kamanninsu na tsofaffi ne masu ciwon Parkinson da ya yi nisa, ga shi kuwa kwanaki kaɗan kafin nan lafiyarsu ƙalau. Da aka bi sawu sai aka tarar duk sun yi wa kansu allurar wata ƙwayar maye da aka haɗa a ɓoye, wadda ta gurɓata da gubar da ake kira MPTP. Gubar ta wuce kai tsaye ta cinye ɗan wurin nan mai duhu, ta bar sauran ƙwaƙwalwa. Abin da ciwon kan yi cikin shekara 20, ta yi shi cikin mako guda.

Abin da ya tayar da hankalin masana shi ne, in gubar nan ta shiga jiki takan juye zuwa wani sinadari wanda ƙirarsa ta yi kama ƙwarai da ta farakwat, maganin ciyawar nan da manoma suka fi sani da sunan Gramoxone, wanda kan ƙone ciyawa cikin yini ɗaya ko biyu. Daga nan aka juya ga gonaki. A 2000 masana a Amurka suka riƙa ba ɓeraye wani maganin ƙwari mai suna rotenon kaɗan-kaɗan, ɓerayen suka sami irin lalacewar ƙwaƙwalwar da ake gani ga masu Parkinson. Rotenon kuwa daga tsiro ake samunsa, kuma danginsa ne dafin da ke cikin majimfa da masunta kan zuba a ruwa don kifi. Wannan ya isa ya nuna cewa fitowar abu daga ganye ba ta mai da shi marar illa. A 2009 wani bincike a babban kwarin noma na Kalifoniya ya nuna cewa waɗanda gidajensu ke cikin mita 500 daga gonakin da ake fesa farakwat tare da wani maganin mai suna maneb, hatsarinsu ya ƙaru da kashi 75 cikin 100, ko da su ba manoma ba ne. A 2011 kuma aka tarar manoman Amurka da suka yi aiki da farakwat ko rotenon sun kamu wajen ninki 2 da rabi na waɗanda ba su yi ba.

Ba kowa ya yarda da wannan hukunci ba. Masu yin maganin suna musu, kuma a 2021 hukumar kula da muhalli ta Amurka ta sabunta izinin amfani da farakwat bisa sharuɗɗa masu tsanani, tana cewa shaidar ba ta kai ba. Amma Tarayyar Turai ta daina amfani da shi tun 2007, ƙasashe fiye da 60 sun hana shi, kuma hukumar NAFDAC ta sanar da hana shi a Nijeriya daga farkon 2024. Faransa ma tun 2012 ta sa Parkinson cikin cututtukan da akan biya manomi diyya a kansu in ya daɗe yana feshi. Ko da an ajiye maganar Parkinson gefe, farakwat guba ce wadda kurɓa ɗaya kan kashe mutum, kuma ba ta da makari.

Abu mafi muhimmanci shi ne yadda gado da guba ke haɗuwa. A 2012 aka sake duba manoman nan na Amurka. Akwai wata ƙwayar gado da ke taimakon jiki wajen wanke guba, waɗansu mutane kuwa an haife su babu ita. Manomin da yake da ita, in ya yi aiki da farakwat, hatsarinsa ya ƙaru kaɗan. Wanda ba shi da ita, hatsarinsa ya kai wajen ninki 11. Misalin abin kamar katangar ƙasa ne. Gado shi ne irin ƙasar da aka yi tubali da ita, tsufa shi ne damunar da ke dukanta kowace shekara, guba kuwa ita ce indararon da ya karye yana zuba a wuri ɗaya. Katanga mai kyawun tubali ta iya jure wa indararon, mai raunin tubali ta iya tsayawa in babu shi. Wannan ne ya sa manomi biyu kan yi feshi tare shekara 30, ɗaya ya kamu ɗaya ya tsira. Ba wanda ya san irin tubalinsa ta duban fuska, saboda haka kowa ya gyara indararonsa.

A ƙauyuka kuwa an san yadda ake yi. Famfon feshi na goyo yana ɗiga a bayan mai shi tun safe har azahar. Ana dama magani da hannu, ana busa bakin famfo da baki in ya toshe, ana feshi ana fuskantar iska, ana cin goro ba a wanke hannu ba. Yara ake aikawa. In galan ya ƙare sai a ɗauraye shi a zuba ruwan sha, ko man gyaɗa, ko nono, sa'an nan a wanke famfon a bakin rijiya.

Ruwan sha ma yana da nasa labari. A sansanin sojojin ruwa na Camp Lejeune a Amurka, daga 1953 zuwa 1987, rijiyoyi sun gurɓata da wani ruwan wanke ƙarafa da tufafi da ake kira TCE. Binciken 2023 ya nuna sojojin da suka zauna can sun kamu da Parkinson fiye da na wani sansani mai tsabtar ruwa da kashi 70 cikin 100, kuma ciwon bai bayyana ba sai bayan shekaru masu yawa. Haka nan tun 1837 wani likita a Sikotland ya kwatanta ma'aikata masu niƙa ma'adinin manganis da suka sami sandarewa da nauyin tafiya. Ciwon nasu ba Parkinson ba ne sosai, ɗan'uwansa ne, amma masu walda da mahaƙan ma'adinai su san da shi.

Duka a kai, da sha'anin zaman yau da kullum

Buguwar kai mai tsanani, musamman wadda ta kai ga suma, tana ƙara hatsarin. Wani bincike na 2018 a kan tsofaffin sojojin Amurka fiye da 300,000 ya nuna ko ƙaramar buguwa ta ƙara shi da fiye da rabi. Kowa ya san Muhammad Ali, wanda aka tabbatar yana da ciwon a 1984, ya rayu da shi har 2016. Likitoci sun yi ta gardama a kan ko naushin da ya sha ne sanadi. 'Yan dambe da 'yan acaɓa marasa hular kwano su ne wannan magana ta fi shafa a ƙasar nan.

Akwai wani abin mamaki da ba za a ɓoye ba: masu shan taba ba su cika kamuwa da Parkinson kamar sauran mutane ba. An ga haka a bincike da yawa. Amma taba tana kashe wajen rabin waɗanda suka daɗe suna shanta ta hanyar ciwon daji da na zuciya da na huhu, don haka wanda ya sha ta don gudun makyarkyata ya tsere wa yayyafi ne ya faɗa kogi. Gahawa da shayi ma an ga masu shansu sun fi tsira. A Hawai an bi maza 8,004 har shekara 30, aka buga sakamakon a 2000: waɗanda ba sa shan gahawa sun kamu wajen ninki 5 na waɗanda suka fi kowa sha. Goro yana ɗauke da sinadarin nan mai hana barci da ke cikin gahawa, sai dai a kan gahawa aka yi wannan bincike, ba a kan goro ba. Abin da ba shi da wata illa a cikinsa shi ne motsa jiki. Masu aikin ƙarfi da tafiyar ƙasa sun fi tsira, wanda ya riga ya kamu ma yana amfana. Ciwon sukari na manya kuwa yana ƙara hatsarin kaɗan.

Sa'an nan akwai magungunan asibiti da kan kawo makyarkyata da sandarewa kamar Parkinson, musamman waɗansu na taɓin hankali irin su halofaridol da kulofuromazin, da wani na tsayar da amai mai suna metokulofuramid. Wannan yakan warke in likita ya canja maganin. Ana samunsa ga waɗanda kan sayi ƙwayoyi a kemis su yi ta sha watanni ba da iznin likita ba.

Abin da ya rataya a wuyan ofishin Hakimi

Ba Hakimin da zai iya canja gadon talakansa ko ya rage masa shekaru. Amma famfon feshi da rijiya da kasuwar magani suna cikin ƙasarsa. Kafin faɗuwar damina ya kamata a tara Dagatai da Sarakunan Noma tare da malamin gona, a ja kunne: mai feshi ya sa doguwar riga da wando da takalmin roba da safar hannu, ya rufe baki da hanci, ya ba iska baya, ya yi wanka da sabulu in ya gama. Kada a ba yaro ko mace mai ciki famfo. Galan da ya ƙare a huda shi don kada a zuba abinci. Kada a dama magani ko a wanke famfo kusa da rijiya ko tafki. In an ga ana sayar da farakwat a kasuwa, ko magani cikin kwalba marar suna, a kai rahoto ga hukuma.

In an kawo ƙarar maita ko ta maye a kan mai makyarkyata, a tura shi asibiti kafin a saurari kowa. Ciwon ba ya warkewa, amma tun 1967 ake da magani mai suna lebodofa wanda jiki kan juya zuwa dofamin, kuma yakan mai da mutum ga sana'arsa shekaru da dama. Kullum ake shansa, a kan lokaci, kuma barinsa farat ɗaya hatsari ne. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa da jijiya a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri.

Malamin Hakimi zai taimaki likita ƙwarai in ya ba marar lafiyan 'yar takarda ya tafi da ita. A rubuta shekarunsa, da shekarar da abin ya fara, da gefen da ya fara. A rubuta ko akwai mai irinsa cikin iyaye ko 'yan'uwa, da ko iyayensa dangin juna ne. A rubuta sana'arsa, da yawan damunar da ya yi yana feshi, da sunan maganin in an tuna, da inda gidansa ke ɗiban ruwa, da ko ya taɓa suma saboda buguwar kai. Duk ƙwayoyin da yake sha kuwa a ɗaure su cikin kwalayensu a tafi da su, domin likita ya karanta sunayen da idonsa.